Farin Jinin Littattafan Bin Diddigi da Matsalar Cinkar Ƙarshensu

1.0 Gabatarwa

A cikin rassan ƙagaggun labarai da ake bugawa a duniya, da wuya a sami reshen da ya kai labarin bin diddigin laifi yawan masu karatu, da wuya kuma a sami wanda masu fiɗar adabi suka raina kamarsa. Zargin da ake yi masa ya daɗe, kuma guda ne: wai duk kanwar ja ce, wanda ya karanta ɗaya ya karanta dubu. An tsinci gawa, an kira mai bincike, an zargi wannan an zargi wancan, a babin ƙarshe an tara jama'a a falo an nuna mai laifi. A shekarar 1945 wani fitaccen mai sharhin adabi na Amurka, Edmund Wilson, ya rubuta maƙala inda ya nuna cewa karanta irin waɗannan littattafai ɓata lokaci ne, ya kuma kwatanta shi da wata 'yar jaraba irin ta shan taba.

Wannan zargi bai tsaya a ƙasashen Turawa ba. Malaman makarantunmu sun san yadda akan kama ɗalibi da irin wannan littafi a ɓoye cikin littafin lissafi, a ƙwace, a yi masa faɗa. Manufata a wannan maƙala ita ce in auna zargin. Zan duba asalin waɗannan littattafai, da dalilan farin jininsu, sannan in rarrabe tsakanin cinkar ƙarshe da ke cikin tsarinsu da wadda lalacin marubuci ke jawowa. Ina sanar da mai karatu tun yanzu cewa zan tona asirin ƙarshen wasu littattafai, domin fiɗa ba ta yiwuwa sai an buɗe ciki.

2.0 Asali da Bunƙasa

Labarin gano mai laifi tsoho ne. Dattawanmu da suka san Dare Dubu da Ɗaya za su iya tuna hikayar tuffa uku, inda masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka buɗe aka sami gawar wata mace an daddatsa ta. Halifa Haruna Rashid ya ba Waziri Ja'afar kwana uku ya kawo wanda ya yi kisan ko a kashe shi a madadinsa. Abin lura a nan shi ne Ja'afar bai binciki komai ba. Ya zauna a gida har wa'adi ya cika, sai mai laifin da kansa ya fito ya amsa. Da aka sake ba shi wa'adi ya nemo bawan da ya haddasa fitinar, sa'a ce ta cece shi, domin ya tsinci tuffar a aljihun 'yarsa yayin da yake ban kwana da ita. Wato akwai laifi, akwai wa'adi, akwai zullumi, amma babu mai bin sawu da hankali.

Mai bin sawun nan bai shigo adabi sosai ba sai da aka sami aikin ɗan sandan ciki a zahiri. An kafa rundunar binciken laifuffuka a birnin Faris a 1812, aka kafa 'yan sandan birnin Landan a 1829, sashensu na bincike kuma a 1842. A tsakanin nan ne, a 1841, Ba'amurke Edgar Allan Poe ya buga labarin The Murders in the Rue Morgue, wanda akasarin masana ke ɗauka a matsayin na farko a wannan fage. An kashe uwa da 'yarta a ɗaki kulle ta ciki, maƙwabta sun ji wata murya, kowa na cewa yaren wata ƙasa ce da shi bai iya ba. Tauraron labarin, Dupin, ya lura cewa muryar da kowa ya kasa gane yarenta wataƙila ba ta ɗan Adam ba ce. Ashe wani ƙaton biri ne na tsibirin Borniyo da ya kuɓuce wa ubangidansa. A nan kam biri ya yi kama da mutum. A wannan ɗan gajeren labari Poe ya aza kusan duk tubalan ginin: haziƙin mai bincike, abokinsa mai ba da labari, 'yan sanda masu kama wanda bai ji ba bai gani ba, da bayanin ƙarshe.

Arthur Conan Doyle, likita ɗan asalin Edinbara, shi ya kai abin ƙololuwa da tauraronsa Sherlock Holmes, wanda ya fara fitowa a 1887. Doyle ya rubuta littattafai 4 da gajerun labarai 56 a kansa, kuma ya ɗauko halinsa na lura daga malaminsa na likitanci, Dokta Joseph Bell, wanda kan faɗi sana'ar majiyyaci tun bai buɗe baki ba. A 1893 Doyle ya gaji ya kashe Holmes a cikin labari, amma matsin lambar masu karatu da masu ɗab'i ta sa ya dawo da shi a raye a 1903. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mu riƙe: marubucin ne ya gaji da maimaici, masu karatu kuwa maimaicin suke nema.

Bayansa sai Agatha Christie, wadda ta rayu daga 1890 zuwa 1976. Ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa guba ta yawaita a labaranta. Littafinta na farko ya fito a 1920, ta kuma rubuta littattafan bin diddigi 66. Farin jinin tauraronta Poirot ya kai har jaridar New York Times ta buga labarin mutuwarsa a shafin farko a 1975, alhali mutum ne na cikin littafi.

3.0 Kashi Biyu da Ake Cuɗawa

Sau da yawa akan haɗa nau'o'i biyu a kira su da suna guda, amma aikinsu ya bambanta. Na farko shi ne labarin sarƙaƙiya, wanda tambayarsa ita ce: wa ya aikata? Masanin adabi Tzvetan Todorov ya nuna a 1966 cewa irin wannan littafi labari biyu ne a goye, akwai labarin laifin wanda ya riga ya auku kafin shafin farko, akwai kuma labarin binciken wanda aikinsa tono na farkon. Mai karatu baya yake kallo.

Na biyu shi ne labarin zullumi, wanda tambayarsa ita ce: me zai faru? A nan laifin yana gaba, ko yana kan aukuwa, tauraro kuma kansa yana cikin haɗari. Mai shirya finafinai Alfred Hitchcock ya taɓa bayyana bambancin da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In mutane biyu na hira bam ya tashi ba zato, mai kallo ya razana na ɗan lokaci kaɗan. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko da lokacin tashinsa, to duk hirar banzar da suke yi za ta zame masa abin fargaba. Darasin da ke nan babba ne ga batunmu: sani yana iya ƙara zullumi fiye da rashin sani.

4.0 Dalilan Farin Jini

Dalili na farko a ganina shi ne littafin bin diddigi ƙacici-ƙacici ne mai tsawo. Marubuci ya ƙulla, mai karatu ya yi ƙoƙarin kwancewa, in ya kasa ya ba da gari. Marubutan Ingila sun ɗauki wannan wasa da muhimmanci har suka yi masa dokoki. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma, daga ciki akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba a yarda aljanu ko tsafi su warware matsala ba, ba a yarda da gubar da ilimi bai san ta ba, kuma duk alamar da mai bincike ya tsinta sai ya nuna wa mai karatu. A 1930 suka kafa ƙungiyarsu a Landan, G. K. Chesterton ya zama shugabanta na farko. Kowane irin littafi yana neman a karanta shi, amma wannan yana gayyatar mai karatu ne a yi gasa da shi.

Dalili na biyu shi ne ƙishirwar adalci. A rayuwa ta zahiri akan yi kisa a rasa wanda ya yi, akan yi sata shari'a ta shekara goma ba hukunci. A cikin littafin kuwa ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ana kai wa ƙarshensa kafin shafi na ɗari uku. Mawaƙin Ingila W. H. Auden, wanda ya amsa cewa shi ma'abocin waɗannan littattafai ne, ya yi bayani a 1948 cewa daɗinsu yana ga ganin al'ummar da laifi ya gurɓata ta koma tsarkinta bayan an ware mai laifin. Ba banza ba suka yi tashe tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, lokacin da miliyoyin mutane suka mutu ba tare da an tuhumi kowa ba. Mutuwa guda mai dalili, mai sanannen mai laifi, hutu ce ga zuciyar da ta ga haka.

Dalili na uku shi ne sabo da tauraro. Mai karatu yana komawa ga Holmes ko Poirot ko tsohuwa Miss Marple kamar yadda yaro ke komawa ga Gizo. Babu yaron da ke fasa sauraron tatsuniya don ya san Gizo zai yi ha'inci, hasali ma jiran ha'incin yake yi, yana son jin sabon salon da zai ɗauka yau.

Na huɗu, tsoro ne marar lahani. Mutum yana kwance a ɗakinsa, ƙofa a kulle, yana bin mai kisa lungu-lungu. Ya sha fargaba, ya rufe littafi, ya kwana lafiya.

5.0 Cinkar Ƙarshe Iri Biyu Ce

A nan ne nake ganin Wilson da masu ra'ayinsa suka haɗa abu biyu. Akwai abin da mai karatu ya sani tun kafin ya buɗe littafi: za a gano gaskiya, mai laifi yana cikin waɗanda aka nuna mana, rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya. Wannan alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu, kamar yadda amsa-amo da karin sauti suke ga rubutacciyar waƙa. Babu mai zargin mawaƙi don ya san kowane baiti da harafin da zai ƙare. Abin da ake dubawa shi ne me ya yi a cikin wannan ƙangi.

Misali mafi ƙarfi shi ne littafin Frederick Forsyth na 1971, The Day of the Jackal. Labarin wani makashi ne da aka ɗauko haya ya harbe Shugaban Faransa Charles de Gaulle a 1963. Duk mai karatu ya san de Gaulle ya mutu a gidansa a watan Nuwamba na 1970, ba harbinsa aka yi ba. An ruwaito cewa kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi karɓar littafin saboda kowa ya san ba a harbe shi ba. Amma da ya fito sai ya zama ɗaya daga cikin mashahuran littattafan zullumi. Forsyth, wanda ɗan jarida ne da ya yi aiki a ɓangaren Biyafara lokacin yaƙin basasar Nijeriya, ya mai da hankalin mai karatu ga yadda ake yin abu: yadda ake samun fasfo da sunan mamaci, yadda ake ƙera bindigar da za ta ɓuya cikin sandar gurgu, yadda ɗan sanda Lebel ke matsowa taku bayan taku. Ka san harsashin zai kuskure, amma sai ka kai shafin ƙarshe don ka ga ta yaya.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a 2011 ya ba masu karatu gajerun labarai 12, wasu an faɗa musu ƙarshe tun farko, wasu ba a faɗa ba. Aka tarar waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin karatun. Wasu bincike na baya sun sami sakamako dabam, don haka ba zan kafa hujja a kan wannan kaɗai ba. Sai dai ya yi daidai da abin da kowane ma'abocin karatu ya sani, wato littafi mai kyau yana jure karatu na biyu.

Wannan ne ma'aunin da nake ba da shawara a riƙe. A 1926 Christie ta buga The Murder of Roger Ackroyd. Mai ba da labarin likitan ƙauye ne, Dokta Sheppard, yana taya Poirot bincike, mai karatu ya saki jiki da shi kamar yadda ya saba yi da abokin Holmes. A ƙarshe sai ga shi shi ne ya yi kisan. Wasu suka ce ta yi maguɗi. Amma wanda ya koma ya sake karantawa zai ga likitan bai yi wa mai karatu ƙarya ko sau ɗaya ba. Ya faɗi lokacin da aka kawo wa mamacin wasiƙa, ya faɗi lokacin da ya fita daga ɗakin, ya tsallake minti goman da ke tsakani, mu ma muka tsallake tare da shi. Da sabonmu ta kama mu. Haka ta sake yi a 1934 a labarin kisan cikin jirgin ƙasa da ya taso daga Istanbul. Mun saba mai laifi ɗaya ne cikin waɗanda ake zargi, sai ta sa mutum 12 suka yi tarayya a kisan. Ba don mai karatu ya san ƙa'ida ba, da babu abin mamaki a karya ta.

Ɗaya nau'in cinkar kuwa aibi ne, kuma ba zan kare shi ba. Shi ne inda marubuci ya ɗauki dabarar wani ya yi ta juyawa har ta tsufa. Wanda aka fi zargi a babi na uku ba shi ne ba. Wanda ya fi kowa kirki, aka ambace shi sau biyu aka manta, shi ne. Gawar da fuskarta ta lalace ba ta wanda ake zato ba ce. Mai laifi ya ritsa tauraro da bindiga, maimakon ya harba sai ya tsaya yana ba da tarihin laifinsa har taimako ya iso. Ko dabarar mai ba da labari marar amana ta bi wannan hanya. Bayan nasarar Gone Girl na Gillian Flynn a 2012 da The Girl on the Train na Paula Hawkins a 2015, aka cika kasuwa da irinsu, har mai karatu ya koma zargin mai ba da labari tun shafin farko. Akwai kuma kishiyar wannan aibi, wato marubucin da ya ji tsoron a cinke shi, sai ya jawo wani baƙo a babin ƙarshe ya ɗora masa laifi. Wannan bai ba da mamaki ba, alkawari ya saɓa.

6.0 Chase da Masu Karatunmu

Marubucin da ya fi shiga hannun 'yan makarantunmu na shekarun 1970 da 1980 shi ne James Hadley Chase, Bature ɗan Ingila mai suna na gaskiya René Raymond, wanda ya rasu a 1985 bayan ya rubuta littattafai wajen 90. Yawancin labaransa a Amurka ya kafa su, alhali da taswira da ƙamus na karin maganar 'yan tasha ya fara gina ta a takarda. Zubinsa kusan ɗaya ne: mutum mai ƙaramin albashi da babban buri, mace mai kyau, kuɗi masu yawa, shirin da ake ganin ba zai ɓaci ba, sannan ɗan ƙaramin kuskure da zai rushe komai. Mai karatu ya san kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kallon yadda igiyar ke shaƙewa ne ke riƙe shi. A namu adabin ma, littafin Bature Gagare na 1982, Ƙarshen Alewa Ƙasa, ya sanar da makomar tauraronsa tun daga bango, kuma hakan bai rage masa armashi ba.

Sai dai dole a faɗi inda waɗannan littattafai suka gaza. George Orwell ya soki littafin Chase na farko a 1944 saboda yadda ya mai da zalunci da ƙarfin tuwo abin sha'awa, kuma sukar tana da tushe. Mace a wurin Chase galibi tarko ce ko ganima. A wurin Christie kuwa, barori da baƙi 'yan wasu ƙasashe sau da yawa kayan ado ne ko abin ɓad da sawu. Raymond Chandler ya yi ƙorafi a 1944 cewa kisan da ke cikin littattafan Ingila na roba ne, an raba shi da mutanen da ke aikata shi a zahiri da dalilansu. Gawa takan zama lissafi, ba a jin kukan marayu. Daɗin daɗawa, tsarin ya ginu ne a kan yardar cewa da an gano mai laifi hukuma za ta yi aikinta, wadda ba ko'ina take tabbata ba.

7.0 Abin da Ya Shafi Malamai

Duk da haka, ina ganin ƙwace littafin daga hannun ɗalibi asara ce. Yaron da ya gama shafi ɗari biyu don kansa ya ƙetare babban shingen karatu, saura a nuna masa hanya. Malami zai iya tsayar da aji kafin babin ƙarshe, kowa ya rubuta wanda yake zargi da hujjojinsa uku daga cikin littafin, sannan a karanta ƙarshen a ga wa ya tsaya kan shaida, wa ya bi son zuciya. Zai iya kuma tambayarsu: me ya sa ka zargi direba ko mai aikin gida tun farko? A nan ɗalibi zai ga zaton da ya shigo da shi daga gida.

Wannan ba ƙaramin darasi ba ne. Mu koma ga hikayar tuffa uku. Mijin ya kashe matarsa ne don ya ga tuffa a hannun wani bawa, ya ji maganarsa, bai bincika ba, daga baya ya gane ba ta da laifi. Muna cikin zamanin da ihun ɓarawo guda a kasuwa, ko saƙo guda a WhatsApp, ke iya sa a hallaka mutum kafin a ji ta bakinsa. Littafin da ke maimaita wa yaro cewa wanda aka fara nunawa da yatsa sau da yawa ba shi ne ba, kuma zato dabam shaida dabam, maimaicinsa yana da amfani.

8.0 Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa sanin inda labarin bin diddigi zai dosa wani sashe ne na daɗinsa, kuma marubutan da suka ƙware da wannan sanin suke aiki. Abin ƙi shi ne aron dabarar da ta tsufa, da saɓa alkawari a babin ƙarshe, da mai da ran ɗan Adam kayan wasa. Ga malamin da zai zaɓa wa ɗalibansa, tambayoyi uku sun isa: shin an nuna wa mai karatu dukkan alamu? Shin mai laifin yana da dalilin da hankali zai ɗauka? Shin littafin zai jure karatu na biyu? Wanda ya cika waɗannan ya cancanci wuri a ɗakin karatun makaranta. Ina kuma fatan marubutanmu na Hausa za su ƙara himma a wannan fage, su kafa labaransu a kasuwanninmu da tashoshinmu da zaurukanmu, inda mai unguwa da dillali da ungozoma kowa ya san wani abu da bai faɗa ba.